Gado da Alƙalami: Sharhi a kan Tazyinul Waraƙati da Labarin Yaƙe-yaƙen Gwandu

Duk wanda ya zauna a ƙasar Gwandu, ko da na ɗan lokaci ne, zai lura cewa mutanenta ba su gajiya da zancen mazan jiya. Daga cikin garin Gwandu har Ambursa da Birnin Kabi da Kalgo, da wuya ka shiga zauren wani tsohon gida ba a nuna maka wani abin gado ba, ko tsohon takobi da kubensa ya ƙeƙashe, ko guntun sulke, ko gafaka cike da takardun da gara ta fara ci ta gefe. Kowanne da labarinsa, kuma labarin yakan ƙare ne da sunan wani kaka da sunan wani fagen fama. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba ya bukatar malamin makaranta ya kwaɗaita masa tarihi, domin tun a nono ya sha shi. Mu da muke koyarwa a sakandare mun san irinsu a aji. Su ne waɗanda za su yi gyangyaɗi a darasin lissafi, amma da zarar an ambaci Alwasa sai ido ya buɗe, hannu ya tashi sama.

Hausawa na cewa na gada ya fi na koya. Ba mu musa ba. Abin da muke son dubawa a wannan sharhi shi ne irin tarihin da gado yake haifarwa idan ya hau takarda, wato abin da yake tsare mana da kuma abin da yake zubarwa. Ma'aunin da muka ɗauka shi ne littafin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Tazyinul Waraƙati, saboda shi ne tushen mafi yawan abin da ake faɗa a zaurukanmu game da yaƙe-yaƙen farko na jihadi, ko mai faɗar ya taɓa karanta shi ko bai taɓa ba.

Malam Abdullahi ya haɗa wannan littafi a shekarar 1813, lokacin ƙurar manyan yaƙe-yaƙe ta ɗan lafa. Bai zauna da niyyar rubuta tarihi irin wanda muka sani a makaranta ba. Waƙoƙinsa na Larabci ya tattara, tun daga na ƙuruciya, sa'an nan ya riƙa gabatar da kowace waƙa da bayanin dalilin yin ta. Daga wannan bayani ne tarihi ya tsiro. Wannan zubi yana da daɗi ƙwarai ga mai karatu, domin zube yana ba ka abin da ya faru, waƙa kuma tana ba ka halin da zuciyar marubucin take ciki a lokacin da abin ya faru. M. Hiskett ya buga matanin tare da fassarar Turanci a Ibadan a 1963, kuma ta wannan ƙofa ce 'yan boko da yawa suka shiga littafin.

Tun daga farko mai karatu zai ga cewa marubucin mutum ne da ya damu da asalinsa. Yana ambaton zuwan kakanninsa Torankawa daga Futa Toro, da kakansu Musa Jakollo wanda ya sauka a ƙasar Ƙonni. A wani ɗan littafinsa, Ida'un Nusuki, ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu, sai ka tarar da yawansu 'yan gida ne: mahaifinsa ya koya masa Alƙur'ani, wansa Shehu Usmanu ya karɓe shi yana ɗan shekara goma sha uku, ga baffanni da kawunnai, cikinsu har da Muhammadu ɗan Raji wanda ya karantar da su Sahihul Buhari. Saboda haka sa'ad da ya zo ba da labarin yaƙi, labarin 'yan'uwansa da abokan karatunsa yake bayarwa. Waɗanda suka faɗi a fagen fama ya san sunayensu, ya san iyayensu, sun ci tuwo a akushi ɗaya. Wannan shi ya sa marsiyyoyinsa suke da zafi, kuma shi ne amfani na farko da gado yake yi wa tarihi. Baƙo zai ce an kashe mutum kaza, ɗan gida kuwa zai ce an kashe wane da wane.

Waƙoƙinsa na Tabkin Kwatto su ne aka fi sani. An yi wannan karo a watan Yuni na 1804, watanni kaɗan bayan hijira zuwa Gudu, kuma Malam Abdullahi da kansa ya ja rundunar. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi da taimakon Azbinawa, jama'ar Shehu kuwa yawancinsu dakaru ne 'yan baka, dawakinsu ba su wuce ashirin ba kamar yadda aka ruwaito. Masu nazarin dabarun yaƙi, irin su Joseph Smaldone a littafinsa na 1977, sun nuna cewa kibiya ce ta karya doki a wannan rana, sa'an nan daga baya su kansu masu jihadin suka koma dogaro da doki da sulke. Malam Abdullahi ya kwatanta ranar da ranar Badar, ya yi wa Yunfa zambo a kan gudun da ya yi, ya lissafa abin da aka bari a fili. Waƙoƙi ne na murna da alfahari, kuma an gina su bisa salon tsofaffin mawaƙan Larabawa, da kalmomi masu tsauri waɗanda ko almajirin da ya yi nisa sai ya nemi ƙamus. A ganinmu nan ne littafin ya fi rauni a matsayin tarihi. Rigar aro ta Larabawan dauri takan rufe fuskar ƙasar, har mai karatu ya rasa gane ko a dajin Gobir yake ko a saharar Hijaz. Abokin gaba kuma ba shi da fuska ko hujja, taro ne kawai wanda Allah Ya tarwatsa.

Da a ce littafin ya tsaya a nan, da sai mu ce kirari ne mai kyau, mu ajiye. To amma bai tsaya ba, kuma abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan sharhi.

A 1805 Malam Abdullahi ya ja runduna aka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, jama'a kuma ta taso daga Sabon Gari ta ƙasar Zamfara ta sauka a Gwandu. Kafin shekarar ta ƙare sai Gobirawa da Azbinawa da Kabawa suka haɗa kai suka nufo su. A kan hanyar fita tarbarsu ne rundunar jama'a ta auka wa garin Kwalde, wanda yake da amana da su, ta washe shi, duk da hanin da shugabanninta suka yi. Muhammadu Bello ya kawo wannan labari a Infaƙul Maisuri. Daga nan aka haɗu a Alwasa, yamma da Gwandu, aka yi wa jama'a mummunar ɓarna, aka koro su har gida. Gwandu ba ta da ganuwa a lokacin. Kwanaki aka yi ana fafatawa a bakin gari kafin Allah Ya juya al'amarin, maharan suka watse.

Yanzu mai karatu ya duba abin da Malam Abdullahi ya yi da wannan rana. Yana da hanyar da zai bi ya tsallake Alwasa ya faɗa kan nasarar da aka samu a bakin Gwandu, kuma babu wanda zai zarge shi. Bai bi ta ba. Ya yi kukan mutanen kirkin da aka rasa, sa'an nan ya juya kan waɗanda suka rage ya faɗa musu abin da ba su so ji ba: cewa a cikinsu akwai waɗanda ganima ta fito da su, masu faɗar abin da ba su aikatawa, masu saɓa wa umurnin shugabanni. Bai ɗora laifin karyewar a kan yawan abokan gaba kaɗai ba, ya ɗora kaso mai yawa a kan lalacewar niyyar mutanensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji masu iya magana, amma ba kowane mai ɗaki ne yake yarda ya nuna wa baƙo wurin ba.

Abin bai tsaya ga baki ba. A wajen 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alƙalawa, ya sulale ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar barin ƙasar baki ɗaya zuwa Makka da Madina. Kanawa ne suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya komo. Shi da kansa ya ba da labarin wannan tafiya a Tazyinul Waraƙati, tare da waƙar da ya yi a kan dalilinta, inda ya soki sababbin masu iko da son sarauta da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakin sukuwa a gari. A tuna fa, wannan ba maganar wani ɗan adawa ba ce da ke gefe yana hange. Wazirin Shehu ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya in ji wasu, uba ɗaya in ji wasu, kuma babban kwamandansa. An ci Alƙalawa a 1808, an kashe Yunfa, an tsallaka Kwara an yi yaƙi a ƙetare, amma sa'ad da ya zo haɗa littafinsa bayan duk waɗannan nasarori bai cire waƙoƙin ɓacin ran ba. Ya bar su a inda suke, daura da na Kwatto.

Wannan shi ne abin da muke ganin ya ɗaga littafin sama da yawancin abin da aka rubuta bayansa a kan wannan fanni. Son gida ne ya sa shi rubutu, kuma son gidan nan ne ya hana shi yi wa gidan ƙarya.

Sai dai littafin ya ƙare a 1813, alhali yaƙin Gwandu bai ƙare ba, ko rabi bai kai ba. Shehu ya rasu a 1817. Aka yi 'yar tsamar da aka yi tsakanin Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello har Allah Ya daidaita su a Kalambaina. Malam Abdullahi ya rasu a 1829, hubbarensa na nan Gwandu. 'Ya'yansa da jikokinsa suka gaji ƙasa mai faɗi wadda ikonta ya kai Nufe da Ilori da Liptako, amma ƙaya tana nan a bakin ƙofarsu, wato Kabi. An kashe Hodi, an kashe Karari a 1831, aka ɗauka magana ta mutu. A 1849 Yakubu Nabame ɗan Karari ya ta da tutar Kabi a Argungu, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya. Sa'ad da Baturen nan Barth ya iso Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya tarar da gari cikin ɗar-ɗar, hanyoyin yamma ba su biyuwa sai da shiri. Sarkin Gwandu Haliru ya faɗi a fagen fama da Kabawa a 1860. Aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ya ɗauki 'yan shekaru ya warware a 1875. Daga 1883 kuma Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya hau gadon Argungu, ya hana Gwandu da Sakkwato barci har zuwan Turawa.

Shekara kusan casa'in ke nan na hari da ramuwa da ƙone amfanin gona da kama bayi a fadamar Gulbin Kabi, kuma wannan zamani bai sami nasa Abdullahi ba. Ba rashin malamai ba ne. A Gwandu ɗin nan ne Barth ya sami kwafin Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, ya zauna yana kwafar abin da ya iya daga ciki, wato gidajen malamanmu suna ajiye da labarin sarakunan Sangai da yaƙe-yaƙensu tun kafin Turai ta san da littafin. Sha'awar tarihi tana nan daram. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙarfin halin rubuta ranar da aka sha kashi. Sai aka bar wa maroƙa da makaɗa da hirar zaure wannan aiki, su kuwa sana'arsu zuga ce, ba a kuma zarginsu da haka. A bakinsu kowane kaka gwarzo ne, kowane hari nasara ne. Ka saurari gida goma ka haɗa labarinsu, sai ka yi mamakin yadda aka yi Argungu ta kai 1900 a tsaye.

A nan ya kamata mu ambaci Wazirin Sakkwato Junaidu, domin idan ana maganar wanda gado ya ɗora wa son tarihi har ƙarshen rayuwa, babu kamarsa a ƙarnin da ya wuce. An haife shi a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997. Tsatson Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne da Nana Asma'u 'yar Shehu, mahaifinsa kuma Waziri Buhari ne, wanda Turawa suka ci Sakkwato a kan idonsa a 1903. Gidansu ne ma'ajiyar wasiƙun daula, shi kuma bai kulle ɗakin ba. Murray Last ya dogara ƙwarai da takardunsa wajen rubuta littafinsa na 1967 a kan daular Sakkwato, haka ma Jean Boyd a aikinta kan Nana Asma'u. Littafinsa Tarihin Fulani, wanda aka buga a Zariya a shekarun 1950, ya yi abin da Tazyinul Waraƙati bai yi ba, domin ya zo da Hausa mai sauƙi wadda ɗan firamare zai karanta wa kakarsa. Amma littafin Sakkwato ne, yana bin Sarakunan Musulmi ɗaya bayan ɗaya da yaƙe-yaƙen kowannensu. Mutumin Gwandu zai ga ƙasarsa a ciki ta taga, mutumin Argungu kuwa zai ga kakanninsa a matsayin waɗanda ake fita yaƙa. Ba aibi ba ne ga Waziri, kowa daga ƙofar gidansu yake hangen kasuwa. Aibin yana kanmu idan muka ɗauka wannan hange shi ne kasuwar duka.

Su ma Kabawa suna da nasu zaurukan, da nasu takubba. Suna da Kanta da ganuwar Surame, suna da gidan tarihi na Kanta a Argungu inda aka tara kayan yaƙinsu. Abin da littattafan gidajen jihadi suke kira tawaye da warware amana, su a wurinsu ƙwato ƙasar kakanni ne. Kuma nasu labarin ma bai tsira daga cutar da ta kama namu ba, Sama ba ya faɗuwa a bakin makaɗin Argungu.

Mai karatu na iya cewa, to mene ne abin damuwa, ai an daɗe da rufe wannan babi, tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ake danganta bunƙasar bikin kamun kifi da ita. Haka ne, an rufe shi a fada. Amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, jikan wanda ya kare Ambursa da jikan wanda ya kai mata hari suna zaune a benci ɗaya, suna neman gurbin aiki ɗaya, wani lokaci ma suna neman auren 'yar gida ɗaya. Kowannensu ya zo makaranta da rabin labari daga gida, kuma ya haƙiƙance shi ne cikakke. Mun sha ganin yadda musu a kan wa ya kori wa yake tashi daga wasa ya koma gaba a tsakanin yara 'yan shekara goma sha shida. Malamin da zai raba wannan gardama yana bukatar littafi a hannunsa, da Hausa, wanda ya faɗi ranar Kwatto ya kuma faɗi ranar Alwasa, ya faɗi cin Birnin Kabi ya kuma faɗi faɗuwar Haliru, da murya ɗaya.

Ba mayaƙa ƙasar nan ta rasa ba, ko a wannan zamani. Sarkin Gwandu Almustafa Haruna Jokolo, wanda ya hau a 1995, da Sarki Muhammadu Iliyasu Bashar, wanda ya hau a 2005, duk sun yi aikin soja kafin sarauta. Takobin Malam Abdullahi ya sami magada. Alƙalaminsa na fiƙihu da tafsiri ma ya samu, ana karanta Liya'ut Ta'awili a zaurukan malamai har gobe. Wanda muke cigiya shi ne magajin alƙalamin da ya rubuta waƙar Alwasa.

Muna ganin wannan cigiya ta fi shafar 'yan ƙungiyarmu ta marubuta fiye da kowa, musamman matasa masu sha'awar ƙagaggen labari. Ga jigo nan a ƙofar gida yana jiran mai ɗauka: malamin da ya ci yaƙi sa'an nan ya tsorata da abin da nasara ta mayar da mutanensa, ɗan sarkin da aka yi renonsa a hannun waɗanda suka kashe ubansa, kamar yadda aka yi wa Yakubu Nabame a Sakkwato, ya girma ya koma ya ta da yaƙi, manomin fadama wanda bai san dalilin faɗan ba amma rumbunsa ne ake ƙonewa kowace kaka. Wannan na ƙarshe babu shi a Tazyinul Waraƙati, babu shi a Tarihin Fulani, babu shi a kirarin kowane gida, domin bai bar takobi ba balle a rataye a zaure. Wanda duk zai rubuta shi dole ya fita daga gidansu ya je ya zauna a zauren waɗanda aka gaya masa abokan gaban kakansa ne, ya ji ta bakinsu, ya jure.

Akwai ma ayyuka biyu da za su rage masa wahala. M. B. Alkali ya yi kundin digiri a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969 a kan Kabi a ƙarni na 19, S. A. Balogun kuma ya yi nasa a Jami'ar Ibadan a 1970 a kan Gwandu da masarautun da ke ƙarƙashinta daga 1817 zuwa 1903. Ɗaya ya tsaya a wannan gaɓa ta gulbi, ɗaya a waccan. Dukkansu da Turanci suke, kuma dattawan da suka ba da labaran da ke ciki sun riga mu gidan gaskiya. Shawararmu ga reshen ƙungiya na Birnin Kabi ita ce a nemi izinin fassara su zuwa Hausa, a ɗinke su cikin bango ɗaya, a sa fassarar waƙoƙin Malam Abdullahi na Kwatto da na Alwasa a gaba.